Faifan Garmaho da Waƙoƙin Sol da Aka Manta: Darasi a Kan Allura, Tsaga da Sauti

A shekarar 1965 wani matashi mai suna Frank Wilson, wanda ke tsara wa mawaƙa kiɗa a kamfanin Motown na ƙasar Amurka, ya rera wata waƙa tasa mai suna "Do I Love You (Indeed I Do)". An buga kwafi kimanin 250 na gwaji, sa'an nan aka yanke shawarar ya ci gaba da aikinsa na tsarawa, ya bar waƙa ga wasu. Sai aka lalata faya-fayan. Shekaru da dama kwafi biyu kaɗai aka tabbatar sun tsira, kuma a 2009 an sayar da ɗaya daga cikinsu a Ingila a kan fam 25,742. Abin da aka saya da wannan maƙudan kuɗi ɗan faifan roba ne mai faɗin inci 7, wanda waƙar da ke kansa ba ta kai minti uku ba.

Dattawa a ƙasar Hausa sun san faifan garmaho, domin a kansa aka fara jin muryar irin su Alhaji Mamman Shata a cikin gidaje kafin kaset ya zo ya ture shi. Yawancin ɗaliban sakandare kuwa ba su taɓa riƙe shi a hannu ba. Duk da haka faifan bai mutu ba. A 2022 an sayar da faifai miliyan 41 a Amurka, alhali faifan sidi miliyan 33 aka sayar, kuma rabon da a ga haka tun 1987. Wannan darasi zai bayyana yadda allura ke fitar da sauti daga jikin roba, da dalilin da ya sa ɗimbin waƙoƙin sol masu kyau suka ɓace a zamaninsu, da kuma abin da ya kamata a duba kafin a ɗora allurar garmahon zamani a kan tsohon faifai.

Hoton sauti a jikin roba

Sauti girgiza ce. Idan aka bugi kalangu, fatarsa na kai da komo da sauri, tana matsa iskar da ke kusa da ita tana sakinta, har girgizar ta iso dodon kunne. Yawan kai da komo a cikin daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da haz. Kunnen matashi mai lafiya na jin daga haz 20 zuwa wajen haz 20,000. Sauti mai kauri yana da haz kaɗan, siririn sauti kuwa yana da haz masu yawa.

A 1877 Thomas Edison ya nuna cewa za a iya sa girgizar murya ta motsa allura, allurar ta zana alama a jikin takardar kuza da aka naɗa a kan gwangwani. Bayan shekara goma Emile Berliner ya sauya gwangwanin da faifai shimfiɗaɗɗe, ya raɗa wa na'urarsa sunan da Bahaushe ya mayar garmaho. Faya-fayan da suka yi yayi bayan nan ana yin su ne da shalak, wani irin ƙaro da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta. Suna juyi 78 a minti, suna da nauyi, kuma da sun faɗi sai su tarwatse kamar tangaran. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai faɗin inci 12, mai juyi 33⅓ a minti, wanda ke ɗaukar sama da minti ashirin a kowace fuska. A 1949 RCA Victor ya mayar da martani da ƙaramin faifai mai inci 7, mai juyi 45, waƙa ɗaya a kowace fuska. Waɗannan sababbin faya-fayai an yi su da binil, wato dangin robar da ake yin bututun ruwa da ita. A kan ƙaramin nan mai juyi 45 tarihin kiɗan sol ya fi zama.

A kowace fuskar faifai tsaga ɗaya ce tak, ta faro daga baki tana zagayawa har kusa da tsakiya, kamar yadda ake ɗinka faifan kaba. Idan aka duba ta da madubin ƙara girma za a ga ba miƙaƙƙiya ba ce, tana karkata dama da hagu. Wannan karkace-karkacen shi ne hoton sautin. Inda kiɗa ya yi ƙarfi tsagar na yin babban lanƙwasa. Inda sauti ya yi siriri lanƙwasar na zuwa kusa da kusa. A faifan sitiriyo, wanda ya shiga kasuwa a 1958 bisa dabarar da Alan Blumlein ya yi wa rajista a Ingila tun 1931, kowane bango na tsagar yana ɗauke da saƙonsa: ɗaya na lasifikar hagu, ɗaya na ta dama.

Lissafin da ɗalibi zai iya yi

Faifai na juyawa da sauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe, amma tsawon tsagar da ke wucewa ƙarƙashin allura a daƙiƙa ɗaya ba ɗaya ba ne. A bakin babban faifai, nisan allura daga tsakiya ya kai santimita 14.6, don haka zagaye ɗaya ya kusa santimita 92. Juyi 33⅓ a minti daidai yake da juyi 0.556 a daƙiƙa. Idan aka ninka, za a samu kimanin santimita 51 a daƙiƙa. A ƙarshen fuska kuwa, inda nisan ya ragu zuwa santimita 6, zagaye ɗaya santimita 38 ne, gudun ya koma santimita 21 a daƙiƙa. A cikin minti ashirin allurar ta yi tafiyar fiye da mita 400.

Ga inda lissafin ke da amfani. A ɗauki siririn sauti mai haz 10,000, irin wanda ke cikin ƙarar kuge ko harafin "s" a bakin mawaƙi. A bakin faifai, kowace girgiza ɗaya na samun filin maikiromita 51. A kusa da tsakiya filin ya tsuke zuwa maikiromita 21. To, bakin allura ta gama-gari zagayayye ne, kuma rabin faɗinsa ya kai maikiromita 15 zuwa 18. Ke nan a ƙarshen fuska girman lanƙwasar ya kusa girman bakin allurar, sai ta kasa bin ta sosai, sautin ya fara tsatsa. Shi ya sa injiniyoyi kan so a ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshen fuska, a sa mai ƙarfi a farko. Ƙaramin faifai mai juyi 45 ya ɗan tsira daga wannan matsala: gudun tsagarsa na farawa daga wajen santimita 40 a daƙiƙa, ya ƙare a wajen 25, kuma da yake waƙa ɗaya ce ana iya yanka tsagar da faɗi, sautin ya fito da ƙarfi.

Daga motsi zuwa lantarki

A tsohon garmaho mai wani da hannu, allurar ƙarfe ce ke girgiza wani ɗan faranti siriri, ƙaho ya ƙara sautin. Babu lantarki ko kaɗan, amma nauyin da ke kan allurar ya haura giram ɗari, kuma kowane saurare na ɗan cin jikin faifan. A garmahon zamani allurar ƙwayar daimon ce da aka liƙa a bakin wani siririn tsinke. A ɗaya ƙarshen tsinken akwai ɗan maganaɗisu, kusa da shi kuma naɗin waya guda biyu. Idan allura ta girgiza sai maganaɗisun ya girgiza, lantarki ya ɓullo a cikin wayar. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831, ita ce kuma ke aiki a cikin janareta da injinan Kainji. Bambancin kawai na girma ne, domin gidan allura na fitar da milibolt 3 zuwa 5 ne kacal.

Akwai wata dabara da ba a ganinta da ido. In da za a yanka sauti mai kauri yadda yake, tsagar za ta yi lanƙwasa mai faɗi har ta cinye filin faifan; siririn sauti kuwa zai nutse a cikin ƙarar gogayyar allura da roba. Saboda haka a wajen yanka ake rage mai kauri, a ƙara siriri. Tun 1954 kamfanonin Amurka suka amince da ma'auni ɗaya, wanda ake kira da sunan ƙungiyarsu, RIAA: a haz 20 ana rage ƙarfin sau goma, a haz 20,000 a ƙara shi sau goma, idan aka kwatanta da haz 1,000. Wajen saurare dole a sami wani ɗan akwati, ƙaramar amfilifaya ta musamman, da zai juya wannan aiki ya kuma ɗaga ƙarfin lantarkin. Wanda ya jona garmaho kai tsaye da amfilifayar da ba ta da wannan sashe zai ji sauti can ƙasa-ƙasa, siriri kamar kukan sauro, ya ɗauka na'urar ce ta lalace.

Ana yawan cewa faifan garmaho ya fi na dijital sauti. Awo bai goyi bayan wannan magana ba. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi sanyi da mafi ƙarfi a sidi ta kai desibel 96, a faifan garmaho kuwa da wuya ta wuce 70, ga ƙyas-ƙyas na ƙura. Darajar tsohon faifai tana wani wuri dabam.

Kiɗan sol da waɗanda rabo bai kai gare su ba

Kalmar sol na nufin rai ko ruhi. Kiɗan ya tsiro ne a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka a shekarun 1950, lokacin da mawaƙa irin su Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauko salon rera waƙar coci suka ɗora shi a kan waƙoƙin soyayya da na zaman duniya. Manyan cibiyoyinsa biyu ne: Motown, wanda Berry Gordy ya kafa a Ditiroyit a 1959, da Stax na birnin Memfis, na Jim Stewart da 'yar'uwarsa Estelle Axton. Kiɗan ya ƙetaro Afirka ta Yamma da ƙarfinsa. Geraldo Pino ɗan Saliyo ya cika gidajen rawa na Legas da shi, James Brown ya zo Nijeriya a 1970, kuma a ranar 6 ga Maris 1971 Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da wasu suka yi gagarumin wasa a Akara, babban birnin Gana.

Waɗannan su ne waɗanda suka yi suna. A bayansu akwai ɗaruruwan ƙananan kamfanoni a Shikago da Filadelfiya da Miyami da wasu garuruwan da ba a ma san su da kiɗa ba. Mai shagon aski ko mai gabatar da shiri a rediyo kan tara 'yan kuɗi, ya kai matasan unguwarsu ɗakin ɗaukar sauti, ya buga kwafi ɗari biyar ko dubu. Daga nan wahala ke farawa. In gidajen rediyo ba su sa waƙar ba, babu mai jin ta, kuma gidajen da ke sa waƙar baƙaƙe kaɗan ne a kowane gari. In kuma waƙar ta karɓu, dillalai kan karɓi faifai bashi su jinkirta biya, alhali masana'anta na neman kuɗi hannu kafin ta buga ƙari. Sau da yawa nasarar ce da kanta ke karya ƙaramin kamfani. Don haka rashin sayuwar faifai ba hujja ba ce a kan ingancin waƙar da ke kansa.

Misalai suna da yawa. James Carr na kamfanin Goldwax a Memfis ya fito da "The Dark End of the Street" a 1967, kuma masana kiɗan sol da dama na sa muryarsa a sahu ɗaya da ta Otis Redding; amma ciwon taɓin hankali ya hana shi yawon wasa, kamfanin ya rufe a 1969, ya rasu a 2001 ba tare da ya sami rabin sunan da ya cancanta ba. Bettye LaVette ta ɗauki cikakken kundi a garin Muscle Shoals a 1972, kamfanin Atlantic ya ajiye shi bai fitar ba. Sai a 2000 wani Bafaranshe mai tara faya-fayai, Gilles Pétard, ya nemo tef ɗin ya fitar da shi, bayan shekara 28, kuma daga nan ne tauraruwarta ta fara haske tana da shekara sama da hamsin.

Waɗanda suka fara tono waɗannan waƙoƙi ba Amurkawa ba ne. Matasan ma'aikatan masana'antu ne na arewacin Ingila, waɗanda ke kwana suna rawa a wurare irin su Twisted Wheel na Mancesta da Wigan Casino, wanda ya yi tashe daga 1973 zuwa 1981. Su kiɗa mai sauri na shekarun 1960 suke so, kuma gwanin mai sa faifai shi ne wanda ya mallaki abin da babu mai shi. Sai suka riƙa zuwa Amurka suna tonon rumbunan dillalai, suna sayen kwantai da araha. Wasu har rufe sunan da ke jikin faifan suke yi da wata takarda, don kada abokin gasa ya gane. Ta haka "Tainted Love" ta Gloria Jones, wadda ta fito a bayan wani faifai a 1965 ba ta yi kasuwa ba, ta farfaɗo a 1973. A 1981 kuma ƙungiyar Soft Cell ta sake rera ta, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila.

Rukuni na biyu su ne masu kiɗan hip-hop, waɗanda ke gutsuro ɗan yanki daga tsohon faifai su gina sabuwar waƙa a kansa. "After Laughter (Comes Tears)" ta Wendy Rene, wadda Stax ya fitar a 1964, ta dawo kunnen duniya ne a 1993 ta hannun ƙungiyar Wu-Tang Clan. Labari mafi ɗaci shi ne na "Amen, Brother", wadda ƙungiyar The Winstons ta sa a bayan faifanta a 1969. A tsakiyarta akwai daƙiƙa shida zuwa bakwai da mai ganga Gregory Coleman ya yi shi kaɗai. An yi amfani da wannan ɗan yanki a dubban waƙoƙi, amma Coleman ya rasu a 2006 ba shi da matsuguni, kuma bai sami ko sisi daga wannan aro ba.

Abin da ya sa kula da faifan kansa ya zama wajibi shi ne, sau da yawa babu wani asali sai shi. Ana fara ɗaukar waƙa a kan tef, daga tef ake yanka faifai. A 1978 gobara ta cinye wani rumbun Atlantic a jihar New Jersey tare da ɗimbin tef na waƙoƙin da ba a taɓa fitarwa ba, a 2008 kuma wata ta tashi a rumbun Universal a Kalifoniya. Ƙananan kamfanoni ma ba a maganarsu: tef ɗin kamfanin Capsoul na jihar Ohayo ambaliyar ruwa ce ta lalata su, kuma da Numero Group na Shikago ya tashi sake fitar da waƙoƙin a 2004, daga jikin tsofaffin faya-fayai aka kwafo su. Duk wanda ke da tsohon faifan mawaƙin Hausa a ƙasan adaka ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Me za a saurara?

Mai sauraro Bahaushe ba zai yi baƙunta da ginin waƙar sol ba, domin jagora ne ke bayarwa 'yan amshi na karɓa, wani lokaci kuma masu busa ne ke yin amshin a madadin murya. Yawancin waƙoƙin farkon shekarun 1960 an ɗauke su ne kowa na ɗaki ɗaya, ana kiɗa ana waƙa lokaci guda; wanda ya yi kuskure sai a koma farko. Ɗakin Stax tsohon gidan silima ne mai gangaren daɓe, kuma amsa-kuwwarsa na cikin sautin. Mai gangarsu, Al Jackson Jr., kan ɗan jinkirta bugu na biyu da na huɗu, abin da ke sa kiɗan ya yi nauyi kamar tafiyar ƙasaita. A Motown kuwa kunne ya bi James Jamerson, mai jita mai kaurin sauti, wanda yatsansa ke rera wata waƙa tasa a ƙarƙashin ta mawaƙi. Injiniyoyin Motown kan gwada kowace waƙa a ƙaramar lasifika irin ta rediyon mota, domin a nan matasa za su ji ta, shi ya sa tamburan ƙarfe da tafi suke fitowa fili. Kada kuma a raina bayan faifai. Kamar yadda aka gani a sama, can ne wasu manyan waƙoƙin suka ɓuya.

Zaɓen garmahon zamani

Abu na farko da za a duba shi ne hannun da ke riƙe da allura. A bayansa ya kamata a ga wani dunƙulen ƙarfe da ake murɗawa don daidaita nauyin da ke sauka a kan faifai. Gidan allura mai maganaɗisu na buƙatar giram 1.5 zuwa 2.5, misali Ortofon 2M Red giram 1.8 ne, Audio-Technica AT-VM95 kuma giram 2. Ƙananan garmaho masu siffar akwatin tafiya, waɗanda suka fi araha kuma suka cika kasuwa, galibi suna da gidan allura na tangaran mai danna giram 5 ko fiye, ba a iya daidaita shi, lasifikarsu kuma na jikin akwatin, tana girgiza allurar da ke ba ta sauti. Irin wannan bai dace da faifan da ba shi da madadi ba. Sai dai rage nauyi fiye da ƙima ma ɓarna ce, kuma ta fi ɗan ƙarin nauyi muni: allurar da ba ta zauna ba takan yi tsalle tana dukan bangon tsaga. A bi adadin da masu ƙera ta suka rubuta.

Wannan ya fi muhimmanci ga mai tara waƙoƙin sol, domin da yawa daga ƙananan faya-fayan Amurka ba da binil aka yi su ba, da wata roba ce mai suna sitayirin, mai araha da saurin gautsi. Ana gane ta da rashin nauyi, da takardar suna da aka manna da gam a sama, da kuma ƙarar da take yi kamar ta faranti in an ƙwanƙwasa. Allura mai dakusasshen baki ko mai nauyi kan kankare tsagarta cikin 'yan saurare kaɗan, a ga fari-fari a jiki, sautin ya koma shuu har abada. Masu tara faya-fayai sun fi amincewa da sabuwar allura mai zagayayyen baki a kan irin wannan. Ita allura, ko da ta daimon ce, tana cinyewa. Masu ƙerawa na ba ta awa 300 zuwa 1,000 gwargwadon yankan bakinta. Wanda ya sayi garmahon gwanjo ya sauya allura kafin komai. Tsofaffin faya-fayan shalak masu juyi 78 kuwa tsagarsu ta ninka ta binil faɗi kusan sau uku, suna da tasu allurar dabam.

Abu na biyu shi ne yadda farantin ke juyawa. A wasu, ɗan inji na gefe ne ke jan faranti da bel ɗin roba, robar na shanye girgizar injin. Haka Rega na Ingila da Pro-Ject na Ostiriya ke ƙera yawancin nasu. A wasu kuma injin na ƙarƙashin farantin kai tsaye, dabarar da kamfanin Matsushita na Japan ya fito da ita, wadda Technics SL-1200 na 1972 ya sa ta shahara. Ana ta muhawara a kan wanne ya fi, amma mai kyau a kowane ɓangare ya wadatar. Abin lura kawai shi ne bel na saki da zafi da tsufa, sai an tabbatar ana samun madadinsa. A kuma duba ko akwai ƙaramar amfilifayar nan ta RIAA a ciki, da ɗan zoben da ake sawa a tsakiya, domin ramin ƙaramin faifan Amurka ya kai santimita 3.8. Ga makaranta ko ɗakin karatu, wanda ke da mahaɗar kwamfuta ya fi amfani, don a kwafi faifai sau ɗaya a adana shi.

Akwai tarkon da ya shafi Nijeriya da Nijar musamman. Wutar Amurka bolt 120 ce mai haz 60, ta nan kuwa bolt 220 zuwa 230 ce mai haz 50. Taransifoma na gyara bolt, amma ba ta taɓa haz. Garmaho da yawa, musamman masu bel na da, injinsu na bin haz ɗin wuta ne wajen juyawa. In aka kawo irin wannan daga Amurka, zai yi kashi biyar cikin shida na saurinsa: juyi 33⅓ ya koma 27.8, waƙa ta ja jiki, muryar mace ta yi kauri. Haka nan in janareta na hawa da sauka, sautin zai riƙa lilo tare da shi. Garmahon da ke da nasa ma'aunin sauri na lantarki a ciki bai damu da wannan ba, kuma shi ya fi dacewa da wuraren da wuta ba ta da tabbas.

Zafi da hunturu su ne sauran abokan gaba. Faifan da aka bari a rana ko a cikin mota a watan Afrilu zai lanƙwashe, don haka a jera su a tsaye kamar littattafai, a inuwa, kada a ɗora wani kan wani. A lokacin hunturu iska ta bushe, gogayya na tara lantarki a jikin roba, shi kuma ya jawo ƙura cikin tsaga. A share da burushi mai laushi kafin kowane saurare. Mai datti sosai a wanke shi da tataccen ruwa irin na batir wanda ba a sa wa asid ba, da ɗigon sabulun ruwa, a kiyaye takardar tsakiya, a bar shi ya bushe sarai. Kada a kusantar da sifirit ga faifan shalak, domin narkar da shi yake yi.

Aikin aji

Malami na iya nuna asalin abin ba tare da lantarki ba. A naɗa takarda mai ɗan kauri kamar ƙaho, a soka allurar ɗinki a tsukakken bakinta, a sa fensir a ramin faifai a juya shi, a ɗora allurar a hankali. Za a ji waƙar ƙasa-ƙasa tana fitowa daga ƙahon. A yi wannan da faifan da aka riga aka fid da rai da shi kaɗai, domin allurar ɗinki na kashe tsaga.

Gwaji na biyu na auna sauri ne. Fitilar da ke aiki da wuta mai haz 50 na ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Faranti mai juyi 33⅓ na ɗaukar daƙiƙa 1.8 kafin ya zagayo, wato ƙyaftawa 180. In ɗalibai suka zana layuka 180 masu tazara ɗaya a gefen zagayayyar takarda suka ɗora a kan faranti, a ƙarƙashin doguwar fitila irin ta da za a ga layukan sun tsaya cak idan saurin daidai ne. Sai a tambaye su: in garmahon da fitilar duka suna kan janareta ɗaya mai ba da haz 47, kuma injin garmahon na bin haz ɗin wuta, me za a gani? Amsa ita ce layukan za su tsaya cak duk da haka, domin fitila da faranti sun yi jinkiri tare. A irin wannan hali sai a koma ga agogo: a manna 'yar takarda a gefen faranti a ƙirga, juyi 100 ya kamata a samu a cikin minti uku.